Jami'ar da Ta Ce Ba a Laifi a Cikinta Ita Ce Abin Tsoro

Idan jami'a ta fitar da rahoton shekara ta ce ba a yi fyaɗe ko ɗaya a harabarta ba, iyaye sukan yi ajiyar zuciya. A ganina nan ne ya kamata gabansu ya faɗi. Wurin da ya tara matasa dubu ashirin suna kwana suna tashi tare wata tara a shekara, a ce ba a taɓa kowa ba, maganar ta fi ƙarfin hankali. Abin da sifilin nan yake nufi yawanci ɗayan uku ne: ko ba wanda ya kai ƙara, ko an kai ba a rubuta ba, ko an rubuta an jefa a durowa.

Akwai alƙaluman da ke mara wa wannan zargi baya. A 2014 ofishin ƙididdiga na ma'aikatar shari'a ta Amurka ya fitar da nazarin da ya duba shekarun 1995 zuwa 2013, ya gano cewa kashi 80 cikin ɗari na fyaɗe da cin zarafin da aka yi wa ɗalibai mata 'yan shekara 18 zuwa 24 ba su kai kunnen 'yan sanda ba. Ƙungiyar AAUW ta matan da suka yi jami'a kuma ta duba rahotannin 2014 da makarantun ƙasar suka miƙa wa gwamnati, ta tarar kashi 91 cikin ɗari na harabobin sun rubuta sifili a layin fyaɗe. Duk wanda ya ajiye waɗannan biyun kusa da juna ya san akwai lauje cikin naɗi.

Saboda haka ni idan ana maganar tsaron makaranta, tsawon katanga da yawan kyamarori suna zuwa ne daga baya. Abin da nake fara dubawa shi ne hanyar da ƙorafi yake bi daga bakin wanda aka cuta har ya isa kunnen sauran ɗalibai da mutanen gari. Inda hanyar nan ta toshe, mai laifi ya fi kowa sanin ta toshe.

Ƙasar da ta fi kowa rubuta wannan hanya a doka ita ce Amurka, kuma sai da aka rasa rai kafin a yi. A watan Afrilun 1986 wani ɗalibi ya shiga ɗakin Jeanne Clery, 'yar shekara 19, a Jami'ar Lehigh da ke jihar Pennsylvania, ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. Bai fasa komai ba. Ƙofofin ginin masu kulle kansu ne, amma ɗalibai sun tokare su a buɗe don abokai su riƙa shiga da fita, ya bi ta nan. Bayan rasuwarta iyayenta suka gano cewa an yi manyan laifuka 38 a harabar cikin shekara uku kafin nan, ba wanda ya gaya musu. Fafutukarsu ce ta haifar da dokar 1990 da a yau ake kira da sunan 'yarsu.

Dokar ta ɗora wa duk makarantar da ke cin gajiyar tallafin karatu na gwamnatin tarayya abubuwa uku. Kafin 1 ga Oktoba na kowace shekara ta wallafa rahoton laifukan shekara uku da suka wuce. Idan tana da ofishin tsaro, ta ajiye littafin laifuka na kullum wanda kowa zai iya zuwa ya duba. Idan kuma aka yi laifin da har yanzu yake barazana ga jama'a, ta yi gargaɗi cikin lokaci. A cikin ukun nan rahoton shekara ne ya fi yin suna, amma littafin kullum ya fi shi amfani nesa ba kusa ba, kuma shi ne duk wata makaranta a duniya za ta iya farawa gobe da safe ba tare da ta jira majalisa ba.

Littafin ba wani abin a zo a gani ba ne. Layi biyar ne: irin laifin, ranar da aka kawo rahoto, rana da lokacin da abin ya faru, wurin a dunƙule, da inda maganar ta kwana. A dokar Amurka dole a shigar da rahoto cikin kwana biyu na aiki, a bar shigarwar kwana 60 na baya a buɗe ga duk mai son gani a lokutan aiki, tsofaffin kuma a fito da su cikin kwana biyu idan an nema. Ba a rubuta sunan wanda aka cuta. Wuri kuma a dunƙule ake sa shi, sunan ginin kwana ya isa, ba a sa lambar ɗaki. Abin da ake shigarwa shi ne abin da aka kawo rahotonsa, ko an kama wani ko ba a kama ba, ko kotu ta zauna ko ba ta zauna ba. Wannan sharaɗin ne zuciyar al'amarin. Muddin aka bar wa jami'in da ke bakin tebur ikon ya auna maganar ɗaliba a ransa kafin ya ɗora biro, an buɗe ƙofar rufa-rufa. A tsarin Amurka 'yan sanda masu rantsuwa ne kaɗai za su iya cewa rahoto ba shi da tushe, bayan cikakken bincike, kuma su ma rahotannin da aka soke sai an bayyana adadinsu.

Amfanin littafin yana fitowa ne idan an karanta shi a jere. Ƙwacen waya guda ɗaya tsautsayi ne. Ƙwace huɗu cikin mako uku, duka tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya na dare, duka a hanyar da ta tashi daga laburare zuwa ɗakunan kwana, ya zama aiki a gaban hukuma: a gyara fitilun da suka mutu, a sare ciyawar da ta rufe kwana, a tsayar da mai sintiri a wannan awa biyun. Ba sai an sayo wata na'ura ba. Amma sai wani ya zauna ranar Litinin ya karanta abin da aka rubuta daga Juma'a zuwa Lahadi, kuma a makarantu da yawa ba a ɗora wa kowa wannan aikin ba.

Daga teburin karɓar ƙorafi ake fara yin ɓarin. Ɗalibar da aka ci zarafinta ta zo ta tarar da maza uku suna hira, aka ce ta faɗi abin da ya kawo ta a gabansu, aka fara da tambayarta me ya fitar da ita a wannan lokacin. Ba za ta dawo ba, ƙawayenta ma ba za su zo ba. Abin da ake bukata ɗaki ne mai ƙofa, da mace cikin masu karɓar ƙorafi a kowane zubin aiki har da na dare, da takardar shaida mai lamba da za a miƙa wa mai ƙorafi don kada gobe a ce ba a san da maganar ba. Sannan jami'in ya san abin da agogo ke ci: maganin kariya daga ƙwayar HIV dole a fara shi cikin awa 72, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa iyakarsa awa 120, kuma wanka da canza tufafi suna wanke shaidar da likita zai ɗauka. Asibiti ake fara kai ta, rubutun dogon bayani ya jira. Haka ma a ƙananan laifuka akwai abin da ake yi nan take. Wayar da aka ƙwace tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15, tana jikin kwalin wayar, kuma idan ba a rubuta ta a rahoton ba bincike ya zama lalube cikin duhu. Na'urar da ke adana hoton kyamara kuwa idan ta cika sai ta hau share tsohon hoto tana ɗora sabo, wata cikin mako ɗaya ko biyu. Idan ba a kwafe hoton tun ranar ba, an yi asararsa. Ga kuma agogon na'urar da ake mantawa ba a saita ba, a je ana neman ƙarfe goma alhali abin yana ajiye a ƙarfe takwas.

Akwai wani abin da ke kashe ƙorafi tun kafin a furta shi: tsoron hukunci. Ɗalibin da aka yi wa fashi a lokacin da ya karya dokar dawowa da wuri, ko ɗalibar da aka cuta a wurin da dokar makaranta ta hana zuwa, zai auna ya ga kai ƙara tona wa kai asiri ne. A watan Maris na 2024 ma'aikatar ilimi ta Amurka ta ci Jami'ar Liberty tarar dala miliyan 14, kuma cikin abin da binciken ya gano akwai cewa ɗaliban da suka kai ƙarar cin zarafi sun fuskanci horo kan karya dokokin ɗa'a na makarantar. Maganin wannan jimla ɗaya ce a littafin dokokin ɗalibai, cewa duk wanda ya kawo rahoton babban laifi, ko shi aka cuta ko shaida ne, ba za a hukunta shi kan ƙaramin laifin da rahoton ya fallasa ba. Shugabanni da yawa suna ƙin wannan, wai zai sa ɗalibai su raina doka. Su zaɓa tsakanin kama mai dawowa a makare da kama mai fyaɗe.

Ɓari na biyu yana faruwa ne tsakanin ofisoshi. Ɗalibi ba kasafai yake fara zuwa ofishin tsaro ba. Mai kula da ginin kwana yake gaya wa, ko kocinsa, ko malamin da ya yarda da shi, maganar kuma ta mutu a nan. Abin da ya faru a Jami'ar Utah a watan Oktoban 2018 ya isa darasi. Ƙawayen wata ɗaliba sun gaya wa ma'aikatan ɗakunan kwana cewa saurayinta yana takura mata kuma yana maganar bindiga. Ita kanta ta yi ta kiran 'yan sandan jami'a bayan sun rabu, tana cewa ana yi mata barazana ana tatsar kuɗinta. Mutumin tsohon fursuna ne da aka saki bisa sharaɗi, amma ba wanda ya tuntuɓi hukumar da ke sa masa ido. Ranar 22 ga watan ya harbe ta a kusa da ginin da take kwana. Kowane ofis yana riƙe da guntun labarin, ba a haɗa ba. A 2020 jami'ar ta amince ta biya iyalanta dala miliyan 13.5. Abin da ke toshe wannan rami shi ne a rubuta sunayen muƙaman da dole su miƙa duk rahoton da ya zo musu cikin awa 24, a yi musu fom mai shafi ɗaya, sannan a yi zama ɗaya kowane mako da zai haɗa tsaro da ɗakunan kwana da asibiti da ofishin harkokin ɗalibai a tebur guda. Masu ba da shawara kan damuwa da malaman addini a ware su, a kuma sanar da ɗalibai cewa nan ne inda magana take zama sirri.

Ita kanta dokar Clery tana yoyo, kuma duk mai son kwaikwayonta gara ya san inda. Iyakar abin da take ƙirgawa harabar makaranta ce, da gine-ginen da makarantar ke iko da su a waje, da titin da ya yi iyaka da ita haɗe da hanyar ƙafa ta gefensa biyu. Gidan hayar da ɗalibai shida ke zaune a layi na biyu bayan titin ba ya ciki, alhali a jami'o'i da yawa mafi yawan ɗalibai a irin waɗannan gidajen suke. Haka kuma satar da ba a fasa wuri ba, kamar a ɗauke kwamfuta daga teburin laburare, ba ta shiga alƙaluman shekara, ko da yake ita ce laifin da ya fi damun ɗalibai kullum. Makaranta za ta iya cika kowane sharaɗi na doka, rahotonta ya fito fes, ɗalibanta kuma suna kwana da ido ɗaya. Gyaran shi ne rubutacciyar yarjejeniya da ofishin 'yan sandan yankin: duk laifin da ya shafi ɗalibi a unguwannin da ke kewaye a sanar da makaranta a ranar, ita kuma ta shigar da shi a wani sashe na littafinta.

Sai batun gargaɗi, inda mintoci ke zama rayuka. Ranar 16 ga Afrilun 2007, da misalin ƙarfe 7:15 na safe, aka harbe ɗalibai biyu a wani ginin kwana na jami'ar Virginia Tech da ke Amurka. Hukuma ta ɗauka rikicin masoya ne kuma mai laifin ya bar harabar. Saƙon imel na farko bai fita ba sai 9:26. Kusan 9:40 maharin ya buɗe wuta a ginin azuzuwa, ya kashe wasu 30. Awa biyun nan an cinye su ne ana taro. Shi ya sa saƙon gargaɗi tun kafin ranar ake rubuta shi, a bar guraben wuri da lokaci, kuma babban jami'in da ke aiki a wannan daren ya kasance yana da ikon aikawa ba sai ya tashi shugaban jami'a daga barci ba. Saƙon tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, sun isa a faɗi me ya faru, a ina, me za a yi yanzu, da lokacin da ƙarin bayani zai zo. A aika ta hanya fiye da ɗaya, tes da imel da lasifika, domin layin waya yakan cunkushe a daidai lokacin da ake bukatarsa. A kuma gwada tsarin aƙalla sau ɗaya a shekara, don lambobin ɗalibai suna canzawa kamar me.

Hujjar masu ɓoyewa ba a raina ta gaba ɗaya ba. Gaskiya ne makarantar da ta fara rubuta komai alƙalumanta za su haura, maƙwabciyarta mai shiru kuma ta yi kama da aljanna a idon iyaye. Gaskiya ne kuma yawan gargaɗi kan kowane ƙaramin abu yana sa mutane su daina karantawa. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Disambar 2006 aka tsinci gawar wata ɗaliba a ɗakinta a Jami'ar Eastern Michigan, hukumar makarantar ta ce babu alamar an aikata laifi. Sai bayan kusan mako goma, da aka kama wani ɗalibi, iyayenta da sauran ɗalibai suka san kashe ta aka yi. Duk tsawon lokacin nan wanda ake zargi yana yawonsa, ba a kama shi ba. Shugaban jami'ar ya rasa kujerarsa, makarantar ta biya tarar dala 350,000, sunan da ake karewa kuma ya ɓaci fiye da yadda gaskiya za ta ɓata shi.

'Yan jarida ma suna da nasu kason laifin, kuma ba ƙarami ba. Labarin laifi a gari yawanci daga baki ɗaya yake fitowa, sanarwar 'yan sanda, a kwafe ta a canza kanu. Bayanin farko kuwa shi ne mafi rauni. Lokacin da aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Idaho a gidan hayarsu a watan Nuwamban 2022, 'yan sanda sun fara cewa babu barazana ga jama'a, bayan 'yan kwanaki suka janye. Kafin a kama wanda ake zargi ranar 30 ga Disamba, masu binciken sa-kai a dandalin TikTok sun riga sun shafa wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba kashin kaji, har wata malamar jami'ar ta kai ƙara kotu. Inda hukuma ta yi shiru jita-jita ce ke cike gurbin, kuma ɗan jaridar da ya ɗauko ta ya ce "ana raɗe-raɗin" ya ba ta riga ne kawai.

Ga kuma wasa da lissafi. Fashi ya tashi daga biyu zuwa huɗu, kanun labari ya ce ya ƙaru da kashi ɗari. Ba ƙarya ba ne, amma yaudara ce. A faɗi ainihin adadin, a raba shi da yawan ɗalibai a ga nawa ne cikin kowane dubu, a jera shekara uku ko biyar. A kuma tambaya ko an canza yadda ake karɓar ƙorafi a shekarar, domin buɗe sabon ofishi na iya ninka rahotanni ba tare da laifin ya ƙaru ba. A tsarin Amurka ma laifi yana shiga lissafin shekarar da aka kawo rahotonsa ne, don haka tsofaffin laifuka da suka fito fili lokaci guda suna iya kumbura shekara ɗaya. Kwatanta jami'ar da ke tsakiyar birni da wadda ke bayan gari ba tare da wannan bayani ba aikin banza ne.

Labarin da zai amfani mai karatu shi ne wanda ya faɗi wuri da lokaci da yadda aka yi: ta taga aka shiga ko ƙofa aka bari a buɗe, a kan babur suka zo ko a ƙafa, karo na nawa ke nan a wannan layin. Sunan wanda aka cuta ba ya ƙara wa kowa tsaro, bayanan da za su sa a gane shi ma haka, irin su sashen karatu da aji da sunan gini a haɗe. Siffar wanda ake nema idan ba ta wuce "wani dogon saurayi baƙi" ba gara a bar ta, don za ta jefa mutum ɗari cikin zargi ba ta kama ko ɗaya ba. A 2021 kamfanin dillancin labarai na AP ya daina ambaton sunayen waɗanda ake zargi da ƙananan laifuka, bisa dalilin cewa ba ya bin irin waɗannan shari'o'i har ƙarshe, sunan mutum kuma yana nan a intanet ko da an wanke shi. Ƙa'idar mai kyau ce ga kowace kafa, har da jaridar ɗalibai: idan ba za ka koma kotu ka ji yadda aka ƙare ba, kada ka buga sunan.

Wannan ya dawo da mu layi na biyar na littafin, inda maganar ta kwana, wanda shi ne aka fi bari babu komai. Ɗan jaridar da ke son aiki na gaske ya je ofishin tsaro ya nemi shigarwar wata shida da suka wuce, ya ƙirga nawa ne har yanzu aka rubuta musu "ana bincike", nawa aka miƙa wa 'yan sanda, nawa suka kai gaban alƙali. Idan aka ce masa babu littafin, ko maƙullin durowar yana hannun wanda ya tafi hutu, ya rubuta ranar da ya je da amsar da aka ba shi, ya buga, bayan mako biyu ya sake komawa.